Mai Ba da Shawara Kan Cututtukan Gado: Aikinsa, Karatunsa da Matsayinsa a Najeriya

Mai ba da shawara kan cututtukan gado ma'aikacin lafiya ne da ya haɗa ilimi biyu: sanin yadda halaye da cututtuka ke bin jini daga iyaye zuwa 'ya'ya, da sanin yadda ake zama da mutum a fahimtar da shi labari mai nauyi ba tare da an firgita shi ko an yanke masa hukunci ba. Ba likita ba ne, domin ba ya rubuta magani kuma ba ya yin tiyata. Ba shi ne yake auna jini a ɗakin gwaje-gwaje ba. Aikinsa yana tsakanin takardar sakamako da mutumin da aka miƙa wa ita: ya bayyana masa abin da haruffan ke nufi, da irin haɗarin da ke gabansa da gaban zuriyarsa, da hanyoyin da zai iya bi, sannan ya bar masa zaɓi.

Sana'ar ta samo asali ne a Amurka, kuma a can ta fi bunƙasa. Sai dai da wuya a sami ƙasar da ta kai Najeriya buƙatar masu ita, domin babu inda ake haihuwar masu cutar sikila, wato amosanin jini, kamar nan.

Asalin sana'ar

Wani masanin ilimin gado Ba'amurke mai suna Sheldon Reed, na Jami'ar Minnesota, shi ya raɗa wa aikin suna a shekarar 1947. Ya yi haka ne a lokacin da duniya ba ta gama farfaɗowa daga ɓarnar aƙidar “tace zuriya” ba. A ƙarƙashin wannan aƙida an hana dubban mutane haihuwa da ƙarfin doka a jihohin Amurka da dama, 'yan Nazi kuma suka kai ta ga kisa a Jamus. Reed ya so aikin ya zama hidima ga iyali, ba makami a hannun hukuma ba. Daga nan ne sana'ar ta gaji babban ginshiƙinta, wato mai ba da shawara ba ya tilasta wa kowa.

A 1969 Kwalejin Sarah Lawrence da ke jihar New York ta buɗe kwas na farko na digiri na biyu a wannan fanni, bisa jagorancin Melissa Richter. Bayan shekara goma, a 1979, aka kafa ƙungiyar masu sana'ar ta ƙasa, NSGC, sannan a 1993 aka kafa hukumar ABGC wadda ke shirya musu jarrabawar ƙwarewa. Daga Amurka tsarin ya bazu zuwa Kanada, Birtaniya, Ostireliya, Afirka ta Kudu da sauran ƙasashe.

Akwai darasin da ya ƙara nuna muhimmancin aikin. A farkon shekarun 1970 jihohin Amurka da dama suka shiga yi wa baƙar fata gwajin sikila ba tare da isasshen bayani ba. Jama'a da ma'aikatu suka kasa bambance mai ɗauke da ƙwayar gadon, wanda lafiyarsa ƙalau, da mai cutar kanta. Wasu suka rasa aiki, wasu aka ƙara musu kuɗin inshora, kuma kwalejin horar da hafsoshin sojan sama ta ƙasar ta ci gaba da ƙin karɓar masu ɗauke da ƙwayar har zuwa 1981. Abin da aka koya shi ne gwaji ba tare da bayani ba yana iya cutarwa fiye da rashin gwajin.

Ilimin da aikin ya dogara a kai

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam akwai kuromosom 46, biyu-biyu har kashi 23, rabi daga uwa, rabi daga uba. A jikinsu ne ƙwayoyin gado kimanin 20,000 suke, kuma su ke tsara abubuwa kamar launin fata da yanayin jini. Cututtukan gado ba hanya ɗaya suke bi ba, don haka dole mai ba da shawara ya san kowace hanya da lissafinta.

Akwai waɗanda ba sa bayyana sai yaro ya gaji ƙwayar daga uwa da uba duka biyun. Sikila na cikin wannan rukuni, haka ma yawancin nau'o'in zabiyanci. Idan mai AS ya auri mai AS, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 25 cikin 100 a haifi mai SS, kashi 50 mai AS, kashi 25 mai AA. A nan ne mutane da yawa ke kuskure, suna zaton cewa cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne tak zai kamu, ko kuwa ɗan fari ba ya kamuwa. Kowane ciki lissafinsa daban ne, bai san abin da ya faru da na gabansa ba. Ma'aurata na iya haifar 'ya'ya shida babu mai SS ko ɗaya, wasu kuma su haifi uku a jere duk masu SS. Haka nan idan mai AS ya auri mai AC ana iya haifar mai SC, wanda shi ma nau'in sikila ne, ko da yake yakan zo da sauƙi a kan SS.

Akwai kuma waɗanda ƙwaya ɗaya daga uwa ko uba ta isa. Misali shi ne sauyin da ake samu a ƙwayoyin BRCA1 da BRCA2, wanda ke ƙara haɗarin sankarar mama da ta ƙwan mace ƙwarai, kuma kowane ɗa ko 'ya na da yiwuwar kashi 50 na gadonsa. Rukuni na uku su ne masu bin kuromosom X, kamar cutar rashin daskarewar jini da ake kira himofiliya, wadda uwa ke ɗauke da ita cikin ƙoshin lafiya amma ta bayyana a 'ya'yanta maza. Sai kuma matsalolin adadin kuromosom, kamar lalurar Down, wadda ke faruwa idan kuromosom na 21 ya zo uku maimakon biyu, kuma yiwuwarta na ƙaruwa da shekarun uwa.

Yadda zama da mai ba da shawara yake

Zaman farko yakan ɗauki rabin awa zuwa awa guda, kuma da tambaya ake fara shi. Mai ba da shawara yakan zana taswirar zuriya ta aƙalla tsatso uku, wato kakanni, iyaye da 'ya'ya. Ana sa wa namiji alamar murabba'i, mace da'ira, a cike alamar wanda cuta ta bayyana gare shi. Yana tambaya game da yaran da suka rasu suna ƙanana, da ɓarin ciki, da shekarun da cuta ta kama kowa, da dangantakar da ke tsakanin miji da mata. Sau da yawa wannan taswira kaɗai takan nuna hanyar da cutar ke bi tun kafin a ɗebi jini.

Bayan haka sai ya lissafa haɗari, ya bayyana gwajin da ya dace, da abin da gwajin zai iya nunawa da abin da ba zai iya ba. Idan sakamako ya fito, shi ke zama da iyalin ya warware musu shi cikin harshen da suke ji, ya kuma rubuta musu taƙaitaccen bayani da za su kai wa likita ko su nuna wa dangi.

Wani ɓangare na aikin shi ne sanin inda gwaji ke yin kuskure. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce na iya samun sakamakon jinotaif da ba nasa ba. Akwai gwajin gaggawa da ke nuna cewa akwai S a jini kawai, ba ya bambance AS da SS. Akwai kuma ƙwayar gadon da ake kira bita-talasimiya, wadda mai ɗauke da ita kan fito tamkar AA a gwajin da aka saba yi, amma idan ya auri mai AS suna iya haifar mai sikila. Inda babu mai bayani, irin wannan haihuwa takan jawo zargi tsakanin miji da mata, har aure ya mutu a kan laifin da babu wanda ya aikata. Ƙwararren mai ba da shawara yakan sa a maimaita gwajin ta hanyar da ta fi inganci kafin a ɗora wa kowa laifi.

Ƙa'idojin sana'ar

Ƙa'ida ta farko ita ce barin zaɓi ga mai shi. Mai ba da shawara ba ya cewa “ku rabu” ko “ku yi aure”. Yana shimfiɗa gaskiya yadda take: yadda rayuwa da sikila take, da ciwonta, da kwanciyar asibiti, da kuɗin da take ci, da kuma ci gaban da aka samu wajen kula da masu ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma su ma'auratan ne za su rayu da abin da suka zaɓa.

Ta biyu ita ce riƙe sirri. Sakamakon gwajin gado ba na mutum ɗaya ba ne, yana shafar 'yan'uwansa da 'ya'yansa, amma ba a bayyana shi ga iyaye ko surukai ko wurin aiki sai da izininsa. A Amurka an yi doka a 2008 da ta hana masu ɗaukar ma'aikata da kamfanonin inshorar lafiya nuna bambanci saboda bayanan gado.

Ta uku ita ce girmama addini da al'adar mutane. Auren zumunci misali ne. 'Ya'yan wa da ƙani suna tarayya a kusan kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonsu. Yiwuwar haihuwar yaro mai babbar lalura ga ma'auratan da ba dangi ba kusan kashi 2 zuwa 3 ne cikin 100, kuma takan kai kusan ninki biyu ga irin waɗannan 'yan'uwa. Ma'anar wannan ita ce mafi yawan 'ya'yan auren zumunci lafiyayyu ake haifarsu, amma idan akwai wata cuta da aka sani a dangi, dubawa kafin aure ta zama dole. Aikin mai ba da shawara shi ne ya faɗi lissafin nan daidai, ba ya kushe al'adar ba.

Haka batun gwajin jariri tun yana ciki. Ana iya ɗibar samfur daga mabiyiya tsakanin mako na 10 da na 13, ko daga ruwan ciki daga mako na 15, a gane jinotaif ɗin jaririn. Sai dai dokar Najeriya ba ta halatta zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa, kuma iyalai da yawa sukan nemi fatawar malamai kafin su ɗauki kowane mataki. Dole mai ba da shawara ya san wannan iyaka, ya kuma bayyana ta tun kafin a yi gwajin.

Karatun da ake buƙata

A Amurka hanyar a bayyane take. Ɗalibi yakan fara da digiri na farko, yawanci a ilimin halittu ko ilimin halayyar ɗan Adam, tare da darussan ilimin gado, kimiyyar sinadaran jiki da ƙididdiga. Makarantu sukan so su ga ya taɓa yin aikin taimakon mutane, kamar hidima ga naƙasassu ko sauraron masu damuwa. Daga nan sai digiri na biyu na shekara biyu a makarantar da aka tantance, inda yake haɗa karatun aji da zama a asibitoci, kuma sai ya shiga cikin aƙalla zama 50 da marasa lafiya ƙarƙashin kulawar ƙwararru. Bayan kammalawa sai jarrabawar ABGC, kuma ana sabunta shaidar duk shekara biyar. Guraben karatun kaɗan ne, masu nema suna da yawa. Matsakaicin albashin masu sana'ar a can ya haura dala 90,000 a shekara.

A Birtaniya babbar hanya ita ce shirin horar da masana kimiyya na hukumar lafiya ta NHS, wanda ke ɗaukar shekara uku, ɗalibi yana aiki ana biyansa yana kuma karatun digiri na biyu. Jami'ar Cardiff ma tana da kwas a fannin.

A nahiyar Afirka, Afirka ta Kudu ce ta riga kowa. Jami'ar Witwatersrand da ke Johannesburg ta fara koyar da kwas ɗin tun ƙarshen shekarun 1980, Jami'ar Cape Town ta biyo baya, kuma bayan karatu da horon aiki ana yin rajista da majalisar ma'aikatan lafiya ta ƙasar. A yammacin Afirka kuwa, Jami'ar Ghana ta buɗe digiri na biyu a fannin ta hannun cibiyarta ta nazarin likitancin gado, WAGMC. Wannan ce ƙofa mafi kusa ga ɗalibin Najeriya ko Nijar da ke son cikakken horo.

Halin da ake ciki a Najeriya

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a Najeriya kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da ƙwayar gadon. Dalilin yawanta shi ne mai AS yana da wata kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, don haka ƙwayar ta yaɗu a yankunan da sauro ya yi yawa.

Duk da wannan nauyi, aikin ba da shawara bai zama muƙami mai zaman kansa a yawancin asibitocin ƙasar ba. Likitocin jini da na yara, ma'aikatan jinya, ungozoma, masana ɗakin gwaje-gwaje da jami'an walwala ne ke yin sa a kan ayyukansu na yau da kullum. Gidauniyar Sikila ta Najeriya, wadda Farfesa Olu Akinyanju ya jagoranci kafawa a 1994, mai cibiya a Idi-Araba daura da asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, ta daɗe tana shirya gajerun kwasa-kwasai na horar da ma'aikatan lafiya kan ba da shawara game da sikila. Jami'ar Abuja tana da cibiyar bincike da horo kan cutar. A Kano, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala Muhammad sun yi aikin bincike tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka kan kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki.

Buƙatar ta ƙaru tun da gwaji kafin aure ya fara zama doka. A watan Mayun 2024 gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sanya hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaura aure, ciki har da jinotaif, ciwon hanta da HIV. Masallatai da coci-coci da yawa a wasu jihohi ma sun daɗe suna neman takardar. Saudiyya ta wajabta irin wannan gwaji tun 2004, amma ta haɗa shi da asibitocin ba da shawara, kuma ta bar wa masu niyyar auren zaɓi bayan an yi musu bayani. A shekarun farko da yawa daga cikin waɗanda aka gargaɗa sun ci gaba da aurensu, saboda gwajin yakan zo bayan an gama shiri. Haka abin yake a ƙasar Hausa: sakamakon da ya fito bayan an kai kuɗin aure, an sa rana, an haɗa lefe, ba ɗaya yake da wanda aka sani tun ana makarantar sakandare ba. Shi ya sa masu sana'ar ke ƙarfafa a yi gwaji da wuri, tun kafin zuciya ta kama wani.

Aikin bai tsaya ga aure ba. Iyayen da aka gano jaririnsu na da sikila suna buƙatar wanda zai koya musu muhimmancin rigakafi, da maganin fenisilin na kullum, da kariya daga sauro, da yawan shan ruwa, da alamomin da ke sa a garzaya asibiti. Suna buƙatar bayani kan maganin haidiroksiyuriya da ke rage yawan tashin ciwon, da kan dashen ɓargo, wanda aka fara yi a Najeriya a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin da ke gyara ƙwayar gado, amma farashinsa a Amurka ya haura dala miliyan 2. Faɗa wa iyali gaskiyar abin da hannunsu zai iya kaiwa gare shi, da kare su daga masu tallar waraka ta ƙarya, yana cikin aikin.

Ga mai sha'awar shiga

Ɗalibin da ke son wannan hanya zai fara da darussan kimiyya a sakandare, sannan digiri a likitanci, aikin jinya, kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje, ilimin halittu ko ilimin halayyar ɗan Adam. Aikin sa-kai a asibitin masu sikila ko a ƙungiyoyinsu yana koya masa abin da aji ba ya koyarwa, kuma makarantun waje suna dubawa. Ma'aikacin lafiyar da ya riga ya kama aikin gwamnati na iya farawa da gajeren kwas, ya nemi a tura shi sashen jini ko na masu juna biyu, daga baya ya nemi hutun ƙaro karatu. Ya kamata ya san cewa a gida albashinsa zai bi matakin aikinsa na asali ne, ba zai kama ƙafar na Amurka ba. Sauran wuraren aiki sun haɗa da ayyukan bincike na jami'o'i, asibitocin taimakon haihuwa, sassan kula da masu sankara, ɗakunan gwaje-gwaje masu zaman kansu da ƙungiyoyin agaji.

Sana'ar tana da nauyin zuciya. Mai yin ta yakan zama wanda ya fara faɗa wa saurayi da budurwa abin da ba su so ji ba, ko ya zauna da uwar da ta binne 'ya'ya biyu tana tambaya ko na ukun zai rayu. Tana buƙatar haƙuri, da iya sauraro, da riƙon amana, da ci gaba da karatu, domin ilimin gado yana sauyawa cikin sauri. Tana kuma buƙatar harshe. Wanda zai iya bayyana wa dattijon ƙauye da Hausa tsantsa cewa sikila ba maita ba ce, ba kuma laifin uwa kaɗai ba ne, tun da rabin gadon daga uba ya fito, ya riƙe abin da babu na'urar gwajin da za ta maye gurbinsa. Dokoki suna ƙara yawan takardun sakamako da ke shiga hannun jama'a kowace rana, kuma kowace takarda tana buƙatar wanda zai zauna ya bayyana ta.